Karkarwar zuciya da ɓarin tsoka a jikin bisashe: me ke kawo su, me makiyayi zai yi?

Makiyayin da ya daɗe yana bin garke ya taɓa ganin wannan. Bisa ta tashi lafiya lau da safe, ta ci, ta sha. Can da hantsi sai a ga naman kafaɗarta yana motsi shi kaɗai, kunnuwa suna rawa, miyau yana zuba. Wata tana kwana biyu a haka ta warware. Wata kuma kafin a ɗauko wuƙa ta faɗi, ta shure ƙafa, shi ke nan. Sai a ce iska ce, ko baki, ko maciji. Sau da yawa kuwa sanadin yana nan kusa da mu: buhun taki da aka bari a buɗe, gyauron dawa a bakin gona, maganin kaska da aka dama da yawa, ko allurar da aka tura cikin jijiya da gaggawa.

Wannan bayani na makiyaya ne da membobin ƙungiyoyin kiwo na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da kewayen Yamai. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran a wurin taro.

Yadda zuciya da tsoka suke aiki

Zuciya tsoka ce, mai ɗaki huɗu: biyu ƙanana a sama masu karɓar jini, biyu manya a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke ba da umarnin bugawa. Umarnin wata ƴar wutar lantarki ce da jiki ke yi da kansa. Tana bi ta ɗakunan sama su matse, sannan ta sauka na ƙasa su ma su matse, daga nan duka su saki, jini ya sake cika su.

Ku duba mai tatsa. Yatsunta suna matse hantsa tare, su saki tare, nono yana zuba cikin ƙwarya. Da a ce kowane yatsa zai riƙa rawa shi kaɗai, hannu zai yi ta motsi amma ko ɗigo ba zai fito ba. To, haka karkarwar zuciya take. Zaren naman zuciyar kowane yana motsi a lokacin da ya ga dama, ba tsari, zuciya tana ɓari maimakon ta buga.

Tsokar jiki ma da irin wannan umarni take aiki, sai dai nata yana zuwa ne ta jijiyoyi daga ƙwaƙwalwa da laka. Kafin umarnin ya tafi daidai, dole jini ya kasance da wasu sinadarai gwargwado: kalsiyom, magneziyom, fotasiyom da gishiri. In ɗayansu ya yi ƙasa ƙwarai ko ya yi yawa, ko guba ta shiga tsakanin jijiya da tsoka, sai nama ya fara motsi ba da izinin bisa ba. Ƙaramin motsin zare ɗaya ido ba ya ganinsa, sai na'urar asibiti. Wanda muke gani a ƙarƙashin fata, a kafaɗa, cinya, wuya ko fuska, zare da yawa ne suka motsa tare. Abin da ya kamata a riƙe shi ne: abin da ke sa tsokar waje ɓari, sau da yawa shi ne ke kan hanyarsa ta rikita zuciya. Ɓarin tsoka gargaɗi ne.

Karkarwar zuciya iri biyu ce

Ta farko tana kama ɗakunan sama. Na ƙasa suna ci gaba da tura jini, amma bugun ba ya da tsari: biyu da sauri, ɗan shiru, uku da sauri, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya da kyar ake jinsa. Bisa tana rayuwa da ita. A shanu yawanci tana biyo bayan ciwon ciki ne, kamar cushewar tumbi, zawo mai tsanani ko daɗewa ba cin abinci, kuma in an magance cikin sau da yawa zuciya tana komawa daidai da kanta. A dawaki kuwa, ita ce rikicewar bugun zuciya da ta fi rage musu gudu. Dokin da ya saba sukuwa ko hawan salla sai a ga yana gajiya da wuri, yana daɗewa yana haki, wani lokaci har da haɓo. Akwai maganin da likitoci ke amfani da shi, kinidin, amma shi kansa yana iya kashe doki in ba a sa ido a kai ba. Ba maganin da za a saya a kasuwa a ɗura ba ne. Dokin da bugunsa ya rikice a sauke masa sirdi har likita ya duba shi, don yana iya faɗuwa da mahayinsa.

Ta biyu tana kama manyan ɗakunan ƙasa. Nan jini ya tsaya ke nan. Bisa tana faɗuwa cikin ƴan daƙiƙoƙi, ta mutu cikin ƴan mintoci. A daji babu abin da ke tayar da ita. Maganinta ɗaya ne, a hana sanadinta.

Yadda za ka ji bugun zuciyar bisarka

Bari bisa ta huta a inuwa tukuna, don wadda aka koro ko aka kayar bugunta yana hawa. Tsaya a gefenta na hagu, ka sa tafin hannu ko kunne a kan haƙarƙari, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba. Ana kuma jin bugun a jijiya: a saniya ƙarƙashin gindin wutsiya ko gefen muƙamuƙi, a tunkiya da akuya cikin cinya, a doki da jaki ƙarƙashin muƙamuƙi. Ka duba agogon salularka ka ƙirga minti ɗaya cikakke.

Ga kimanin bugun babbar bisa mai lafiya a minti ɗaya:

Saniya: 60 zuwa 80
Tunkiya da akuya: 70 zuwa 90
Doki: 28 zuwa 40
Raƙumi: 30 zuwa 50

Ƙananan bisashe bugunsu ya fi haka sauri. Sabon maraƙi yana wuce 100, ba ciwo ba ne.

Bayan yawan bugun, ka saurari tsarinsa. Ka riƙa gwadawa a kan bisashenka masu lafiya, don kunnen da ya san bugu mai kyau shi ke gane wanda ya ɓaci. Ƙungiyar da ke da hali ta ajiye ma'aunin zafin jiki ko da guda biyu ne. Zafin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya. Ɓari tare da zazzaɓi ya fi nuna cuta mai ƙwayoyi. Ɓari ba zazzaɓi, wanda ya kama bisashe da yawa lokaci guda, ya fi nuna guba.

Takin ure

Farin takin zamanin nan mai kama da sukari yana da amfani a kiwo in an bi ƙa'ida: kilo 5 a narke cikin ruwa lita 50 a yayyafa wa kilo 100 na kara ko ciyawa, a rufe ruf mako biyu zuwa uku, a buɗe ya sha iska kafin a ba bisa, a kuma fara da kaɗan. Amma in bisa ta ci shi tsagwaronsa, ko ta sha ruwan da ya narke a ciki, cikin tumbi yake rikiɗa ya zama guba mai shiga jini da sauri. Giram 1 a kan kowane kilo na nauyin bisa yana iya kisa. Ke nan kwatan kilo ya isa ya kashe saniya mai kilo 250, cokali biyu zuwa uku kuma ya isa tunkiya. Wadda ba ta saba ba, ƙasa da rabin haka ma yana kwantar da ita.

Alamu suna fitowa tsakanin minti 20 da awa ɗaya a shanu: rawar fuska da kunnuwa, dalala, kumburin ciki, tangaɗi, sai faɗuwa da shure-shure. A ƙarshe zuciya ce ke rikicewa ta tsaya. In bisa tana tsaye kuma tana iya haɗiya, a ɗura mata binegar, ruwan tsamin nan na kwalba da ake zuba wa salati: lita 2 zuwa 4 ga babbar saniya, rabin lita zuwa lita 1 ga tunkiya ko akuya, a bi da ruwan sanyi mai yawa. A ɗura a hankali, kada a ɗaga kai sama sosai. A kira likita duk da haka, don alamun suna iya dawowa.

Buhun taki a ajiye shi ɗakin da ke da ƙofa. Dunƙulen lasa mai ure kada a bar shi ruwan sama ya jiƙa shi, kada a daka shi a zuba cikin dusa, kada a ba ƙananan da ba su fara tuƙa ba.

Maganin ƙwari da na kaska

Fiya-fiya da wasu magungunan feshin wake da na lambu suna hana jijiya sakin tsoka. Bisar da ta sha su, ko aka wanke ta da su, tana dalala, hawaye, zawo, ƙwayar idonta ta ƙanƙance, jiki duka ya ɗauki ɓari, numfashi ya yi wuya. Maganin da ke karya wannan guba allurar atrofin ce, kuma likita ko mataimakinsa ke yin ta. Kafin ya iso, in a fata aka zuba, a wanke bisa da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa leda ko safar hannu don gubar tana shiga fatar mutum ma.

Maganin gona ba na jikin bisa ba ne, komai arharsa. Na kaska ma a auna shi yadda aka rubuta, kada a ƙara don a ce ya fi ci. Mai sinadarin amitaraz ba a sa wa doki. Maganin tsutsar ciki mai suna lebamizol shi ma tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce a cikinsa: in an ba akuya ko tunkiya fiye da nauyinta, sai dalala da karkarwa. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi kada ya koma na ruwan sha, kuma harawar da aka yi wa feshi kwanan nan a dakata da ita.

Gyauron dawa da ɓawon rogo

Dawa ƙarama, da gyauron da ke tohowa bayan girbi, da wadda fari ya ƙona sannan ruwa ya sauka a kanta, suna ɗauke da guba mai hana jiki amfani da iskar da jini ya kawo. Cikin minti 15 zuwa ƴan awoyi bisa ta fara haki, tsoka na ɓari, ta faɗi. Dasashi da cikin ido sukan yi ja wur, jinin ma ja ne fiye da yadda aka saba. Akwai allurar da ke ceto, amma gubar ta fi ƙafar likita sauri a yawancin lokuta. Don haka kada a saki bisashe masu yunwa cikin dawar da ba ta wuce gwiwar mutum ba. Karan da ya bushe sosai haɗarinsa kaɗan ne. Ɓawon rogo mai ɗaci shi ma a shanya shi ya bushe kafin a ba bisa.

Itatuwa masu taɓa zuciya

Tumfafiya tana da sinadarai masu rikita bugun zuciya, musamman a cikin ƙullunta fari. Bisa mai ƙoshi ba ta damu da ɗanyenta ba, awaki kuma sukan tsinci busasshen ganye da fure ba abin da ya same su. Haɗarin yana zuwa ne a ƙarshen rani da bazara, lokacin da ba wani kore a fili sai ita, ko in an sare ta ta shiga cikin ciyawar da aka ɗaure. Masu tafiya kudu cin rani su yi hattara da samberu, wanda ganyensa kaɗan ke kashe bisa, kuma baƙuwar bisa ce ta fi faɗa masa don ba ta san shi ba. A cikin gari akwai fulawar ado da ake kira loriye roz da Faransanci. Ganyenta, ɗanye ko busasshe, guba ce mai ƙarfi ga zuciya, don haka sharar lambun gidaje da ofisoshi ba abincin ragon layya ba ce. Duman kada na bakin tabki shi kuma yana sa rawar kai da tangaɗi, amma yawancin bisashe suna warwarewa in an raba su da shi.

Ƙarancin sinadarai a jini

Saniya mai yawan nono tana iya rasa kalsiyom a kwanakin farko bayan haihuwa. Takan fara da rawar tsoka da taurin ƙafafu, sannan ta kwanta ta karkatar da kai gefen ciki, kunnuwa su yi sanyi. Tunkiya da akuya masu tsohon ciki, musamman masu ɗauke da tagwaye kamar yadda jar akuyar Maraɗi ta saba, suna shiga irin wannan hali in abinci ya gaza ko an yi doguwar tafiya da su. Ƙarancin magneziyom kuma yana sa firgita, zabura da shure-shure.

Kanwa da gishirin Balma suna da amfaninsu, amma ba su ɗauke da duk abin da mai ciki da mai shayarwa ke bukata. A haɗa musu da harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, da dutsen lasa na bisashe.

A nan akwai kashedi babba. Ruwan kalsiyom da ke tayar da saniyar da ta kwanta, in an tura shi cikin jijiya da sauri yana iya tsayar da zuciyarta nan take. Shi ya sa likita ke sa shi sannu a hankali yana sauraren zuciya. Oksitetarasikilin ma in an tura shi cikin jijiya da gaggawa bisa tana iya zubewa. Allurar jijiya aikin wanda aka horar ne.

Cututtuka

Ciwon baki da kofato, wato boru, ba ya cika kashe manyan shanu, amma a maruƙa da ƴan tumaki yana kama naman zuciya. Maraƙi yana tsotso ko yana tsalle sai ya faɗi matacce, ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. In boru ya shiga garke, a ware ƙanana, kada a kora su, kada a haɗa mashaya da wasu garkunan.

Ciwon da wasu makiyaya ke kira kabowa, babbar kaskar nan mai zane ce ke kawo shi, kuma ya fi yawa a wurare masu damshi na kudu. Zazzaɓi yakan kai digiri 41, bisa tana ɓari, tana ɗaga ƙafa sama in tana tafiya, tana kewaya wuri guda, ruwa kuma yana taruwa a jakar zuciya. Oksitetarasikilin yana aiki in an fara shi tun ranar zazzaɓin farko. In an jira sai ta faɗi, da wuya ta tashi.

Tsawa da wayar wuta

Tsawa tana kashe bisashe ne ta hanyar rikita zuciya. In ta faɗi a kan itace ko ƙasa, wutar tana bazuwa ta cikin ƙasa, ta hau ƙafafun gaba ta fita ta na baya, zuciya kuma tana kan hanya. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun saniya ita ke sa ta fi mutum shiga haɗari. Shi ya sa garken da ya taru wuri ɗaya ke mutuwa tare. A watan Agusta na 2016, a ƙasar Norway, tsawa ta kashe barewar ƙanƙara 323 a kan tudu ɗaya.

In hadari ya taso da walƙiya, kada a tara garke ƙarƙashin dogon itace da ke tsaye shi kaɗai, ko jikin shingen waya, ko bakin tabki, ko kan tudu. Makiyayin da hadari ya rutsa da shi a fili ya tsuguna ya haɗe ƙafafunsa, kada ya kwanta. Mutumin da tsawa ta buga ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taimake shi nan da nan a kai shi asibiti. Wayar wuta da ta faɗo kuwa dabam ce: kada a taɓa bisar da ke jikinta, kada a taka ruwan da ke kewaye, a kori sauran a sanar da ma'aikatan wuta.

In ka ga bisa tana ɓari

1. Ka janye garke duka daga wurin kiwon da ruwan da suka sha na ƙarshe.
2. Ka kai marar lafiya inuwa, wuri shiru. Kada a kora ta, kada a kayar da ita, don gudu yana ƙarasa zuciyar da ta rikice.
3. Ka ƙirga bugun zuciya, ka auna zafi in akwai ma'auni, ka duba launin dasashi da girman ƙwayar ido.
4. Ka kira likitan bisashe mai zaman kansa na yankinku, ko mataimakin kiwo na garinku, ko ofishin ma'aikatar kiwo. Ka faɗa masa me suka ci, yaushe abin ya fara, guda nawa ya kama, wane magani aka yi kwanan nan.
5. Ka ajiye kwalbar maganin, buhun, ko reshen itacen da kake zargi.
6. Kada ka ɗura wa bisar da ta kwanta tana shure-shure komai, ko nono, ko mai, ko jiƙo. Huhu zai tafi.

Maganar yanka

Mun san abin da ke zuwa zuciyar mai bisa in ya ga tana shirin mutuwa: a yi maza a yanka kada ta zama mushe, a rage asara. Amma naman bisar da ta sha maganin ƙwari ko ta ci itace mai guba yana iya cutar da wanda ya ci, haka nononta. Wadda kuma ta faɗi farat ɗaya, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini mai ƙin daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, tana iya zama ciwon saifa ne, wanda ke kama mutum ta wurin fiɗa, ɗaukar fata da cin nama. Irin wannan ba a buɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. A kira ma'aikatan kiwo su ɗauki abin gwaji su aika LABOCEL, a binne gawar cikin rami mai zurfi nesa da rijiya da mashaya. Asarar saniya ɗaya tana da ciwo, amma ba ta kai ta mutum ɗaya a gida ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Yawancin abubuwan da aka lissafa a sama mutum ɗaya ba ya iya tsare su, amma ƙungiya tana iyawa. A taro mai zuwa a duba waɗannan: lambar likita da ta mataimakin kiwo tana cikin salular kowane memba? Akwai ma'aunin zafi da ƴan litocin binegar a ma'ajiyar ƙungiya, musamman inda ake gyaran kara da ure? Taki da maganin feshi suna ɗaki dabam da dusa da harawa? An yi magana da manoman da ke maƙwabtaka don su riƙa faɗin ranar da suka yi feshi? Yaran da ke bin garke sun san gyauron dawa, sun san inda ba a fakewa in ana walƙiya?

A kuma riƙa rubuta duk bisar da ta mutu farat ɗaya: rana, wuri, abin da ta ci, alamun da aka gani. Bayan damana ɗaya ko biyu littafin zai nuna muku wace fadama, wane wata, ko wane magani ne ke cin dukiyarku, likita kuma zai sami abin da zai kama. Allah ya tsare mana garkunanmu, ya ba mu damana mai albarka.